Daga Magami zuwa Gidan Bawa: Tarihin Koken Talaka a Ƙasar Gobir

Tsamaye mazaɓa ce a ƙaramar hukumar Sabon Birni, a gabashin jihar Sakkwato, inda ƙasar Gobir ta jingina da iyakar Nijar. Mutumin wannan yanki ya fi kusa da Maraɗi a kan birnin Sakkwato, ga dangi a kowane ɓangare na iyaka, ga auratayya, ga kasuwanni da ake ci tare. Gero da dawa da wake ake nomawa a tudu, fadamar gulbin Rima kuma ta ba da shinkafa da albasa. A cikin wannan ƙaramar hukuma ne kufan Alƙalawa yake, tsohuwar hedikwatar Gobir, kuma daga kudu ga Isa, wadda sarkinta ma Sarkin Gobir ake ce masa.

Da yawa suna ɗauka cewa fitowa a gaya wa hukuma ba a yarda da wata doka tata ba, al'ada ce ta 'yan boko da mutanen Legas, wadda ta iso Arewa tare da kwalaye masu rubutu da wayar hannu. Tarihin Gobir bai yarda da haka ba. Fiye da shekaru 230 da suka wuce an tsaya gaban sarki mafi ƙarfi a wannan ƙasa, ba takobi ba mashi, aka karanta masa bukatun jama'a, ya kuma amsa. Tun daga ranar zuwa yau, abin da ke bambanta koken da ya yi tasiri da wanda ya bi iska bai sauya sosai ba: ko jama'a sun fahimci abin da ake nema, ko labarin ya kai kunnen waɗanda ba su wurin, ko kuma mai mulki ya bar ƙofa a buɗe. Duk lokacin da aka rufe ƙofar, mutanen bakin iyaka suna da amsa guda da suka gada, su ɗaure kaya su tashi.

Idin Magami

Gobir ta ƙarni na 18 ƙasar yaƙi ce. Sarki Babari ne ya ci Birnin Zamfara, ya kafa Alƙalawa a ƙasar da a da ta Zamfarawa ce, ɗansa Bawa Jan Gwarzo kuma ya gaji daula mai abokan gaba ta kowace kusurwa: Katsina daga gabas, Kabi daga yamma, ga Zamfarawa da ba su haƙura ba. Dawaki da sulke da ganuwa kuɗi suke ci, kuma kuɗin daga jikin talaka suke fita. Littafin Kitabul Farƙ, wanda aka rubuta bayan jihadi, ya jera irin abubuwan da ake karɓa a ƙasar Hausa a wancan zamani: jangali a kan shanu, kuɗin gari, kuɗin salla, gaisuwa ga masu sarauta, abin da ake ɗiba daga mahauta da 'yan kasuwa, da kamen dabbobin mutane don ɗaukar kayan sarki, wanda in dabbar ta ɓace ba mai biya.

Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda aka haifa a Maratta a 1754, ya fara wa'azi yana ɗan shekara ashirin. Abin da ya bambanta shi da malaman fada shi ne inda ya kai karatunsa. Ya bi ƙauyuka da rugage, ya yi kimanin shekaru biyar a ƙasar Zamfara, yana magana da mutane da harshen da suke ji, mata na zaune a gefe suna saurare duk da sukar da wasu malamai suka yi masa a kan haka. Waƙoƙin wa'azi na Fulatanci da na Hausa suka riƙa yawo daga baki zuwa baki. Kafin ya taɓa neman wani abu a wurin sarki, ya shafe shekara goma sha huɗu yana koya wa manomi da makiyayi bambancin abin da shari'a ta ɗora musu da abin da aka ƙaƙaba musu.

Wajen 1788, a lokacin babbar salla, Bawa ya tara malaman ƙasarsa a Magami. Marubutan Sakkwato na farko, irin su Malam Abdullahi ƙanen Shehu da Waziri Giɗaɗo ɗan Laima, su ne suka adana labarin wannan taro. Sarki ya fito da kyaututtuka, aka ce rabon Shehu miskali 500 ne na zinariya. Shehu ya ƙi karɓa, ya ce a maimakon dukiya abubuwa biyar yake nema: a bar shi ya kira mutane zuwa ga Allah a ƙasar Gobir, kada a hana kowa amsa kiran, a girmama duk mai rawani, a saki waɗanda ke tsare a kurkuku, sannan a sauƙaƙa wa talakawa haraji. Bawa ya amince da duka biyar. Cikin waɗanda aka saki har da Abarshi, ɗan sarautar Zamfara.

Yadda aka tsara abin ya isa a tsaya a duba. Bukatun ba su da yawa, kowa zai iya riƙe su a ka ya maimaita a kasuwa. Uku sun shafi jama'ar Shehu, biyu kuma sun shafi kowane talaka, ko yana salla ko ba ya yi. An faɗe su a filin idi, gaban taron da ya koma gida da labari, don haka sarki ba shi da halin janyewa a ɓoye. Kuma mai maganar ya mayar da kyauta kafin ya buɗe baki, ba wanda zai ce an saye shi ko yana neman a saye shi. Shi ma Bawa yana da nasa rabon yabo, wanda Gobirawa ba su manta ba. Sarkin da ake tsoro har Katsina ya saurari malamin ƙauye a bainar jama'a, ya ga amsawa ba ta rage masa kwarjini ba.

Shelar Nafata

Bawa ya rasu ba da jimawa ba, Yakuba ya gaje shi, sannan Nafata. Jama'ar Shehu ta yi yawa har fada ta tsorata. Nafata ya sa aka yi shela a kasuwa: ba mai wa'azi sai Shehu shi kaɗai, wanda bai gaji Musulunci daga ubansa ba ya koma abin da ya tarar, maza su daina naɗa rawani, mata su daina lulluɓi. Kasuwar da a da ta yaɗa labarin Magami ita ce aka yi amfani da ita wajen soke shi.

Da Yunfa ya hau, al'amari ya ƙara tsami. Aka kai wa jama'ar Malam Abdussalami, ɗaya daga cikin almajiran Shehu, hari a Gimbana, aka kama mutane. A watan Fabrairun 1804 Shehu ya bar Ɗagel ya yi hijira zuwa Gudu, mutane suka riƙa bin sa ayari-ayari duk da an tare hanyoyi ana ƙwace musu kaya. Wannan tashi shi ne matakin lumana na ƙarshe. Bayansa sai yaƙin Tabkin Kwatto a watan Yuni, sai na Tsuntsuwa, sai faɗuwar Alƙalawa a 1808. Shekara goma sha shida kacal ke tsakanin sarkin da ya saurara da yaƙin da ya cinye gidansa.

Gobirawan da ba su miƙa wuya ba su ma ƙafa suka bi. Bayan yaƙin Gawakuke na 1836, inda Sarkin Gobir Ali ya faɗi, Mayaƙi, ɗan sarautar Gobir, ya kafa Tsibiri kusa da Maraɗi. Daga baya saɓani ya shiga tsakanin 'ya'yan sarauta, Ɗan Halima ya fita da mutanensa ya kafa Sabon Birni a rabin ƙarshe na ƙarni na 19. Garin da Tsamaye ke ƙarƙashinsa a yau, asalinsa ma mutane ne da suka ƙi wani mulki suka sauya wuri.

Iyaka ta zama mafita

Turawan Ingila sun ci Sakkwato a watan Maris 1903. Sarkin Musulmi Attahiru ya nufi gabas, talakawa masu ɗimbin yawa suka bar gonakinsu suka bi shi, har aka tare su a Burmi. A tsakanin 1898 da 1906 Ingila da Faransa suka yi ta gyara layin da ya raba su, a ƙarshe Tsibiri da Maraɗi suka faɗa hannun Faransa, Sabon Birni da Isa suka faɗa na Ingila. Gida ɗaya aka raba biyu, amma talaka ya gano amfanin rabon tun da wuri.

A ɓangaren Faransa haraji ya fi nauyi, ga aikin tilas na gina hanyoyi da ɗaukar kaya, ga dokar da ta ba kwamanda ikon ɗaure mutum ba tare da shari'a ba, abubuwan da ba a soke ba sai 1946. In an ji masu ƙidayar haraji ko masu ɗibar ma'aikata sun doso, sai gari ya wayi gari rabinsa ya tsallaka. A ɓangaren Ingila kuma, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, aka yi ɗiban gwamna, aka riƙa kwasar samari daga lardunan Arewa zuwa haƙar kuza a Jos, inda sanyi da ciwo suka kashe da yawa. Makiyayi mai gudun jangali ya san ranar da zai kora shanunsa arewa da ranar da zai dawo da su. Hakimi kuwa da yawan masu biyan haraji ake auna shi, don haka ƙauyen da ya yi barazanar tashi yakan sami sassauci. Ba a rubuta takardar koke ba, ba a yi jerin gwano ba, amma hukuma tana jin saƙon a littafin haraji.

Zamanin lacca da rediyo

A watan Janairun 1939 jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa daga Zariya, Malam Abubakar Imam na editanta na Hausa. Kwafi ɗaya kan zaga hannu goma, mai karatu ɗaya ya karanta wa zaure guda. A shekarun 1950 aka shiga yaƙi da jahilci, manya suka zauna ajin yamma suna koyon boko. A ranar 8 ga Agusta 1950 aka kafa jam'iyyar NEPU a Kano, wadda Malam Aminu Kano ya zo ya jagoranta, kuma ita ce ta fara gaya wa talakan ƙauye a fili cewa noman gandun sarki kyauta ba wajibi ba ne, cewa yana da ikon neman rasit in ya biya haraji, cewa hukuncin alƙali ana iya ɗaukaka ƙara a kansa.

Makamin NEPU lacca ce da waƙa. Amma lacca sai da izinin En'e, wato hukumar gargajiya, kuma En'e ita ake suka. Dogarai da 'yan doka suka yi ta kama 'yan jam'iyyar, alƙalai suka yi ta ɗaure su da laifin zagin sarki ko taro ba izini, a lardin Sakkwato kuwa, mahaifar Sardauna, Firimiyan Arewa, zama ɗan NEPU sai mai taurin rai. Hajiya Gambo Sawaba ta sha ɗauri sau da yawa saboda ta nace a kan cewa matan Arewa su ma su jefa ƙuri'a, abin da bai tabbata ba sai a shekarun 1970. A tsallaken iyaka kuma jam'iyyar Sawaba ta Djibo Bakary ta nemi 'yan Nijar su ce a'a ga Faransa a ƙuri'ar raba gardama ta Satumbar 1958, ta sha kaye, aka haramta ta a shekarar da ta biyo.

NEPU ba ta taɓa kafa gwamnati ba, amma abin da ta shuka ya tsiro. A 1979 gwamnoni biyu na jam'iyyar PRP, magajiyar NEPU, Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna, suka soke haraji da jangali da hawansu mulki. Shekaru kusan talatin na lacca a bakin kasuwa ne suka sa soke harajin ya zama abin da ɗan takara zai yi alkawarinsa ya ci zaɓe.

A daidai wannan zamani rediyo ta shiga ƙauye. Sashen Hausa na BBC ya fara a 1957, Rediyon Kaduna a 1962, Muryar Jamus a 1963, Muryar Amurka a 1979. Manomin Tsamaye da bai taɓa taka Sakkwato ba ya rataya akwatinsa a reshen bishiya yana huɗa, yana jin yadda ake muhawarar kasafin kuɗi a Legas. Daga nan labari ya daina zama mallakar fada.

Bakolori

Abin da ya fi kowanne nuna iyakar koken manomi a tsohuwar jihar Sakkwato ya faru ne a Bakolori, kusa da Talatar Mafara, wadda yau take cikin Zamfara. A shekarun 1970 gwamnatin tarayya ta ba kamfanin Impresit na Italiya kwangilar datse gulbin Sakkwato don noman rani. Ruwa ya cinye garuruwa da gonaki a ƙasar Maradun, aka mayar da mutane wuraren da ƙasar ba ta da albarka. Waɗanda gonakinsu ke cikin filin aikin aka hana su shuka shekara da shekaru ana baje ƙasa, aka sare itatuwan da suke ci, da aka zo mayar da gonaki kuma sai rabo ya rikice. Masu fadama a ƙasan dam suka rasa ambaliyar da ke jiƙa musu shinkafa. Diyya ta zo a makare, wasu ta wuce ta kansu zuwa aljihun da ba nasu ba.

Manoman sun bi matakai. Sun kai kuka wurin masu gari da hakimai, sun rubuta takardu, wasu sun je kotu. Da abin ya ƙi, daga ƙarshen 1979 suka fara tare hanyoyin shiga wurin aikin, suna kwana a bakin shingen, suna hana motocin kamfani wucewa. Aka yi alkawura, aka biya wani abu, aka tsaya. A ƙarshen watan Afrilun 1980, zamanin Shugaba Shehu Shagari da Gwamna Shehu Kangiwa, aka turo 'yan sandan kwantar da tarzoma. Suka buɗe wuta, aka ƙona gidaje. Gwamnati ta ce waɗanda suka mutu ba su kai talatin ba, masu bincike irin su Dokta Yusufu Bala Usman na Jami'ar Ahmadu Bello suka ce ɗaruruwa ne.

Manoman Bakolori suna da gaskiya, suna da haɗin kai, sun san abin da suke nema. Abin da suka rasa shi ne idon duniya a lokacin da suke bakin shinge. Sai bayan an zubar da jini ne sauran ƙasa ta san sunan wurin, shi ya sa har yau ake jayayya a kan adadin gawarwaki.

Inda aka ci nasara

A Nijar, ranar 9 ga Fabrairu 1990, ɗalibai suka yi tattaki a gadar Kenedi ta Yamai don ƙin matakan tsuke bakin aljihu da suka taɓa ilimi. Jami'an tsaro suka harbe uku. Ƙungiyoyin ƙwadago suka ɗauki maganar, matsin ya ci gaba har gwamnatin Janar Ali Saibou ta yarda da jam'iyyu da yawa da babban taron ƙasa na 1991. A ranar 13 ga Mayun wannan shekara mata suka cika titunan Yamai saboda an ware su daga kwamitin shirya taron, ranar da ta zama ranar matan Nijar.

A 2005 gwamnatin Shugaba Tandja Mamadou ta ɗora harajin kashi 19 cikin ɗari a kan madara da fulawa da sukari da ruwa da lantarki, a shekarar da fari da fara suka riga suka cinye amfanin gona. Gamayyar ƙungiyoyin yaƙi da tsadar rayuwa, wadda Nouhou Arzika ke cikin jagororinta, ta yi jerin gwano a watan Maris, da aka hana ta titi kuma sai ta ce kowa ya zauna gida. Kasuwanni suka rufe a Yamai da Maraɗi da Damagaram da Tawa, tasha ta yi tsit. An kama jagororin, amma ba wanda za a harba a titin da ba kowa. Gidajen rediyo masu zaman kansu sun riga sun bayyana wa mutane da Hausa da Zabarmanci nawa harajin zai ƙara a kan kwanon sukari. A watan Afrilu gwamnati ta janye harajin daga yawancin kayan.

Najeriya ta ga irin wannan a 2012. Ranar 1 ga Janairu gwamnatin Goodluck Jonathan ta cire tallafin mai, lita ta tashi daga naira 65 zuwa 141. A Kano matasa suka yada zango a shataletalen Silver Jubilee, Kiristoci suka kewaye Musulmi suna salla, Musulmi suka je suka tsaya a ƙofar coci ranar Lahadi. Ƙungiyar ƙwadago ta shiga yajin aiki ranar 9 ga wata, ranar 16 aka mayar da lita naira 97. An rasa rayuka, ba a kuma koma 65 ba, amma bukata ɗaya ce, lamba ce da kowane ɗan acaɓa ya sani, kuma gwamnati ta ja da baya.

Shekarun 'yan bindiga

Daga wajen 2019 ta'addancin 'yan bindiga ya malalo daga Zamfara zuwa Isa da Sabon Birni. Mutane suka koma tsohuwar hanya. Zuwa watan Mayun 2020 hukumar kula da 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce 'yan Najeriya fiye da 60,000 ne suka fake a jihar Maraɗi, akasarinsu mata da yara, a yankunan Gidan Rumji da Madarunfa. A cikin watan ne Sanata Ibrahim Gobir ya tashi a majalisar dattawa ya ce mutanensa sojojin Nijar suke kira in an kawo musu hari. A ƙarshen watan aka kashe mutum fiye da saba'in a rana ɗaya a ƙauyukan Sabon Birni, ciki har da Garki da Ɗan Aduwa da Kuzari da Katuma. A watan Yuni Gamayyar Ƙungiyoyin Arewa ta yi zanga-zangar lumana a Katsina a kan kashe-kashen da ake yi a Arewa, aka watse lafiya, sai ga shi an tsare jagoranta Nastura Ashir Sharif a Abuja na 'yan kwanaki.

A watan Satumbar 2021 gwamnatocin yankin suka ɗauki matakan da suka ce za su shaƙe 'yan bindiga. A Sakkwato aka dakatar da cinikin dabbobi a kasuwannin ƙananan hukumomin da abin ya shafa, aka hana sayar da mai a jarka, sannan aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi goma sha huɗu, har da Isa da Sabon Birni. Nauyin ya faɗo a kan wanda aka ce ana karewa. Mai akuya ya rasa inda zai sayar ya sayi hatsi. Wanda ɗansa ke aiko masa da kuɗi daga Legas ya rasa hanyar karɓa. In an ga babura sun doso gari, ba halin kiran kowa. Mai bukatar waya sai ya nemi layin Nijar, ya taka zuwa wani tudu ko bakin iyaka inda sabis ke kamawa, ya tarar da wasu sun riga shi, kowa ya ɗaga wayarsa sama yana juyawa, a yi magana a gurguje a ba na baya wuri. 'Yan bindigar kuwa su ma sun san wannan dabara. A cikin wannan duhu ne aka kashe mutum fiye da arba'in a kasuwar Goronyo a watan Oktoba, a watan Nuwamba kuma ɗan majalisar jiha Aminu Almustapha Boza ya fito a kafafen labarai yana cewa 'yan bindiga sun fara naɗa masu gari suna yanka wa ƙauyuka haraji. Harajin da aka yi shekaru ana fama a soke ya dawo daga daji, ba rasit, ba ɗaukaka ƙara.

A farkon Disambar 2021 aka tare wata motar matafiya da ta taso daga Sabon Birni a kusa da Gidan Bawa, aka cinna mata wuta da mutane a ciki. 'Yan sanda suka ce mutum 23 ne suka mutu. Wannan karon hoto ya fita. Cikin 'yan kwanaki ya zaga Facebook da WhatsApp, matasa suka fito a Kano da Bauci da Sakkwato da Abuja da taken cewa Arewa na zubar da jini. Ba su fasa shago ba, ba su ƙona taya ba. Jami'an tsaro suka gayyaci wasu daga cikin masu shiryawa, aka kama wasu a Abuja, abin ya lafa. Duk da haka, mutanen da ba su san hanyar Sabon Birni ba sun tsaya a titi saboda ita.

Shekarar 2024 ta nuna ɗaya fuskar. Zanga-zangar tsadar rayuwa ta 1 zuwa 10 ga Agusta, wadda cire tallafin mai na Mayun 2023 ya haifar, ta fito da bukatu barkatai ba jagora sananne, a Kano da Kaduna ta rikiɗe ta zama fashe-fashe, aka sa dokar hana fita, ƙungiyar Amnesty ta ce an kashe aƙalla mutum 24. A watan Nuwamba aka gurfanar da yara ƙanana a kotun Abuja, wasu suka faɗi don yunwa a gaban alƙali, kuma hoton faɗuwar tasu ne ya sa Shugaba Tinubu ya ba da umarnin a sake su. A cikin watan Agustan ne kuma labari ya zo cewa 'yan bindiga sun kashe Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, bayan makonni a hannunsu, bayan kowa ya ga bidiyonsa yana roƙon a cece shi. Fushin matasa a Sabon Birni ya kai ga ƙone-ƙone. Washegari maganar da ake yi ta koma kan abin da aka ƙona, ta bar kan wanda aka kashe.

Abin da doka ta ce

A watan Satumbar 2003 'yan sanda suka watsa taron jam'iyyar ANPP a Kano da barkonon tsohuwa, da hujjar ba a samu izini ba. Jam'iyyun adawa suka kai ƙara. Babbar kotun tarayya a 2005, sannan kotun ɗaukaka ƙara a 2007, suka yanke cewa sharaɗin neman izinin 'yan sanda kafin taron lumana ya saɓa wa tsarin mulki, wanda sashe na 40 nasa ya ba kowane ɗan ƙasa 'yancin taruwa. Dokar 'yan sanda ta 2020 ta ƙara da cewa aikinsu ne su ba irin wannan taro kariya. Izinin lacca da ya kai 'yan NEPU kurkuku, a takarda dai, ya mutu.

Sai dai hukuncin da ba a sani ba bai kare kowa. Wannan shari'a da Turanci aka yi ta, a littattafan lauyoyi take, kuma har yanzu dattijon da zai jagoranci mutanen ƙauyensa zuwa sakatariyar ƙaramar hukuma yana tafiya ne da zaton laifi yake aikatawa, ɗan sandan da ke bakin ƙofa ma sau da yawa haka ya ɗauka. Rashin sani ya fi dare duhu. Aikin da ke gaban malamai a kan mumbari, da masu shirye-shiryen rediyo a Sakkwato da Maraɗi, da 'ya'yan Gobir da ke zaune a birane, shi ne su fassara wannan 'yanci da Hausar da ake ji a kasuwar Tsamaye, su taimaka a rubuta bukatun yankin gajeru da sunan wanda ake nema ya amsa kowace, su kuma tabbatar akwai mai ɗaukar labari a wurin tun ranar da aka fito. Gwamnatin da ta ga dama ta yi biris da hakan za ta ci gaba da samun amsarta a rajistar 'yan gudun hijira ta Gidan Rumji, inda ake rubuta sunayen 'yan ƙasarta ɗaya bayan ɗaya.